Mota da asuba, jirgin ruwa da rana: yadda ake kallon namun daji a Murchison

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Bauchi ya rubuto cewa ya saba kai iyalinsa Yankari, bana kuma yana son su leƙa Gabashin Afirka. Su biyar ne har da yara biyu, kuma kwana biyar kacal yake da su. Ya ji ana cewa akwai dajin da ake zagawa a mota, akwai kuma inda ake shiga jirgin ruwa. Wanne ya fi? Ina za su nufa, me kuma za su tanada?

Amsa:

Malam, kada ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya. Kowanne da lokacinsa, kuma dabbobin ne da kansu suka raba lokacin. Daga fitowar alfijir zuwa hantsi namun daji suna fili, masu kiwo na kiwo, masu farauta na ƙarasa aikin dare. Wannan lokacin mota ne. Da rana ta take sai filin ya yi wayam, wasu su shige inuwa, wasu su gangara shan ruwa. Wannan kuma lokacin jirgi ne. Wanda ya juya tsarin, ya yi barcin safe ya hau mota ƙarfe sha ɗaya, kuɗin da kowa ya biya shi ma zai biya, amma ya dawo gida yana cewa dajin babu komai.

Wuraren da ake haɗa biyun da kyau ba su da yawa. Akwai kogin Chobe a arewacin Botswana, akwai kogin Rufiji a kudancin Tanzaniya, akwai mashigin Kazinga a yammacin Yuganda. Amma ga mai kwana biyar da yara, gandun dajin Murchison da ke arewa maso yammacin Yuganda ya fi dacewa, don haka a kansa za a yi bayani. Shi ne gandu mafi girma a ƙasar, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 3,800, an kuma ayyana shi gandun ƙasa tun 1952. Kogin Nilu ne ya ratsa shi daga gabas zuwa yamma ya raba shi biyu. A tsakiyar gandun, kogin duk girmansa yakan matse ta wata tsagar dutse da faɗinta bai wuce mita 7 ba, ya zuba ƙasa kimanin mita 43, sannan ya baje ya tafi a natse har Tafkin Albert. Wannan ɓangare mai natsuwa, daga gindin magangarar zuwa bakin tafkin, shi ne inda jirage ke yawo.

Rabuwar nan da kogin ya yi ita ce abu na farko da ya kamata ka riƙe, domin gaɓoɓin biyu ba ɗaya ba ne. Kudancin kogi kurmi ne da itatuwa masu duhu, gani ba ya nisa, ƙudan tsando kuma ya fi yawa. Arewacin kogi fili ne fetal, ciyawa da giginya jefi-jefi, kuma can ne kusan dukan kallon mota yake, musamman yankin Buligi, tsakanin Paraa, wato wurin da ake haye kogin, da inda kogin ke shiga tafki. Wanda ya saba da Yankari, inda sai an yi haƙuri kafin a hango giwa a cikin duhuwa, zai yi mamakin nisan da ido ke ci a nan. A da fito ake yi da motoci a Paraa, mutum ya yi ta jiran layi rana na fitowa. Yanzu an gina gada, abin ya yi sauƙi. Duk da haka, kafin ka biya kuɗin masauki ka tambaya a fili: minti nawa ne daga ƙofar masaukin zuwa hanyoyin Buligi? In aka ce maka ya haura awa ɗaya, ka san cewa mafi tsadar sa'a a yinin, wato ta farko bayan ketowar rana, a kan kwalta za ku cinye ta. Masaukan da ke can wajen ƙofar gandu sun fi sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado.

Daga Kampala zuwa Paraa kimanin kilomita 300 ne ta Masindi, tafiyar awa biyar zuwa shida. A tashi daga Entebbe, inda jirgin sama ke sauka, ko Kampala kafin bakwai na safe don a riga cunkoson birni. Kusan rabin hanya akwai Ziwa, wurin da ake rainon karkanda. An ƙarar da karkanda a dazukan Yuganda tun farkon shekarun 1980, aka fara dawo da ita Ziwa a 2005. A ƙafa ake zuwa ganinta tare da ma'aikacin daji, awa ɗaya zuwa biyu. Ya cancanci a tsaya, don a zagayenku na Murchison ba za ku gan ta ba, kamar yadda ba za ku ga jakin dawa ba. Gara a gaya wa yara wannan tun daga gida. A ci abinci a Masindi, a cika tanki, a shiga ta ƙofar kudu, a biya ta saman magangarar ruwan da la'asar, sannan a haye gada zuwa masauki kafin duhu. Ba a yawo da mota a cikin gandun da dare sai da izini na musamman da rakiyar ma'aikaci.

Yanzu ga motar kanta. Wadda ake so ita ce mai jan ƙafa huɗu, mai rufin da ake ɗagawa sama mutum ya miƙe tsaye ya leƙa, yawanci Land Cruiser ko ƙaramar bas da aka gyara don wannan aiki. Ku biyar mota ɗaya ta ishe ku, sharaɗin dai kowa ya samu taga. Kafin a tashi, ka duba abubuwa huɗu da idonka: safayar taya, biyu sun fi ɗaya, jak mai aiki, igiyar ja, da kuma ko rufin yana ɗaguwa ya tsaya daram. Rufin da makullinsa ya saki yakan faɗo wa mutum a ka ko a yatsu idan mota ta faɗa rami. Hanyoyin cikin Buligi na ƙasa ne, kuma akwai wuraren baƙar laka wadda in ta sha ruwa take zama tamkar sabulu. Motar da ba ta jan ƙafa huɗu nan take kafewa, kuma kafewa a daji ba irin ta gari ba ce, tunda ba a fita a tura sai an tabbatar babu komai kwance a cikin ciyawar.

Yuganda ta riga Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma da yake tana kan tsakiyar duniya, rana na fitowa wajen bakwai saura, ta faɗi wajen bakwai, kusan duk shekara. Ke nan a yi sallar asuba, a kurɓi shayi, shida da kwata mota ta tashi. Karin kumallo a sa masauki su ƙulla shi tun dare a tafi da shi. Zagayen safe awa uku zuwa huɗu ne. Iyakar gudu a gandun kilomita 40 ne a awa, amma mai neman dabba rabin haka ma ya yi masa yawa. Direban da ke sharara gudu daga wannan kira zuwa wancan, don wani abokinsa ya ce an ga zaki a can, yakan wuce abubuwa goma kafin ya kai ku ga motoci takwas da suka kewaye zaki ɗaya mai barci.

A ƙofar shiga ana iya ɗaukar ma'aikacin hukumar kula da namun daji ta ƙasar ya shiga motarku, a biya shi kuɗi daban. Ku ɗauka, ko da direbanku gwani ne. Shi kullum yana wurin, ya san inda aka bar zakuna jiya da yamma.

Abin da za ku fara cin karo da shi maraya ce, garke-garke, ja-ja-wur a cikin ciyawa. Ita ce ke jikin tambarin ƙasar tare da gauraka. Sai kanki mai dogon fuska, wanda yake son hawa suri ya tsaya gadi, sai batsiya bibbiyu, sai gadu da ke gudu da jela a miƙe, sai bauna, sai jan biri a ƙasa yana tsince-tsince. Burtu ma yana nan yana takawa ɗaiɗai, mafarautanmu sun san shi sarai. Raƙumin dawa kuwa, wannan gandu na daga wuraren da ya fi yawa a duniya ga irin nau'in da ke nan, mai fararen ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa. Waɗannan duka ba sai an wahala ba.

Zaki da damisa su ne sai an iya karatun daji, kuma karatun ba a jikinsu yake ba, a jikin waɗanda ake farauta yake. Idan marayu suna kiwo kowace ta fuskanci inda ta ga dama, babu komai. Idan kuwa duk sun ɗaga kai sun zuba ido wuri ɗaya, kunnuwa a tsaye, wata na yin wani siririn fito ta hanci, to a kashe mota a bi inda suke kallo da madubin hangen nesa. Haushin gwaggon biri daga kan itace shi ma alama ce. Ungulaye masu shawagi can sama ba sa nufin komai, iska mai zafi suke hawa. Waɗanda ake lura da su su ne masu saukowa da ƙafafu a sake, ko waɗanda suka cika itace ɗaya suka ƙi sauka ƙasa: akwai nama, kuma mai naman bai tashi ba. Marayu maza suna da filayen da suke taruwa, kowane ya kama ɗan da'irarsa yana jiran mata, zakuna kuma sun san wuraren, saboda haka a duba kowace 'yar duhuwa da ke kusa da irin wannan fili. Zaki yakan kwashe har awa 20 a yini yana kwance. Bayan tara na safe ba za a ga tafiyarsa ba, sai dai kunne ko jela na motsi a gindin kurmi. Damisa kuwa a sama ake nemanta. Kada a nemi jikinta, rodi-rodinta ya saje da inuwar ganye. A nemi jela ko ƙafa da ke reto daga wani kauri-kaurin reshe.

Dabbobin nan sun saba da mota, suna ganinta a matsayin abu guda wanda ba ya ci ba a kuma cin sa. Da zarar mutum ya fito, ko ya zauna a kan rufi, ko ya miƙo rabin jikinsa ta taga, siffar ta canja, dabba ta gane mutum ne. Daga nan ko ta gudu ko ta taso. Wannan shi ne dalilin dokar hana fita, ba tsaurin banza ba ne. Haka ma dokar hana sauka daga kan hanya: tarar tana da nauyi, kuma taya na murƙushe ƙwan tsuntsaye da 'ya'yan dabbobi da aka ɓoye a ciyawa. Kada ka roƙi direba ya karya ta don hoto, shi ne zai rasa aikinsa.

Giwa ta fi zaki bukatar a kiyaye ta. A bar mata tazarar mita 30 zuwa 50, a tsayar da mota yadda hancinta ke kallon mafita, kada kuma a taɓa shiga tsakanin uwa da ɗanta ko a tsaya a kan turbar da garke ke bi zuwa ruwa. Idan ta baza kunnuwa, ta kaɗa kai, ta yi kururuwa tana watsa ƙura, gargaɗi ne, a ja da baya a hankali ba tare da hon ko taka totur ba. Wadda ta fi haɗari ita ce mai shiru, ta manne kunnuwa, ta naɗe hanci, ta sunkuyar da kai. Toron giwa kuma idan ka ga wani baƙin ruwa na tsiyaya a gefen fuskarsa tsakanin ido da kunne, fitsari na ɗiga a ƙafafunsa na baya, yana cikin lokacin zafin barbara, ba ya kauce wa kowa, a ba shi hanya tun daga nesa. Za ku iya ganin giwa mai guntulallen hanci ko raƙumin dawa mai tabo a ƙafa. Aikin tarkon waya ne da masu farautar sata ke ɗanawa. A shekarun 1970 da 1980, lokacin rikice-rikicen ƙasar, an kusa ƙarar da giwayen gandun nan, waɗanda ake gani yau farfaɗowa ce ta shekaru masu yawa. Za ku kuma ga sabuwar kwalta da manyan motoci a wasu sassa, saboda aikin haƙar mai da ake yi a yankin. Abin yana rage wa dajin kwarjini, babu amfanin ɓoyewa, shi ya sa ake so a bar babbar hanya da wuri a shiga ƙananan.

Bayan gida: akwai 'yan wuraren da aka keɓe don sauka, kamar wajen bakin tafki. In yaro ya matsu a wani wuri, ma'aikaci ne zai zaɓi fili mai gajeriyar ciyawa, a tsaya a jikin mota, ba a bayan kurmi ba.

Sha ɗaya ta yi ku koma masauki, a ci abinci, a yi azahar, a ɗan kishingiɗa. Jirgin magangara yana tashi daga Paraa sau biyu, na safe da na wajen biyu na rana. Na rana za ku ɗauka, saboda dalili biyu. Na farko, zafi ya riga ya koro giwaye da ɓauna da gwambaza bakin ruwa. Na biyu, jirgin gabas yake nufa a tafiyar zuwa, saboda haka da rana hasken yana bayanku, da safe kuwa a idonku yake, hoto ya fito baƙi. Tafiyar kimanin kilomita 17 ce zuwa gindin magangarar, awa uku zuwa da dawowa. A isa mashigar jirgi da rabin awa kafin lokaci don a samu kujerun hagu, domin gaɓar arewa ce ke hagu in ana hawa, kuma ta nan dabbobi suka fi yawa.

Jiragen iri biyu ne. Akwai babba mai bene da rumfa, wanda ya fi natsuwa a ruwa, ya fi inuwa, kuma shi ya fi dacewa da mai yara. Akwai ƙanana masu ɗaukar mutum goma sha wani abu, waɗanda suke iya matsawa kusa da gaɓa su kuma daɗe a inda ake so. Ko wanne kuka shiga, a nemi rigar hana nutsewa daidai jikin kowane yaro kafin a kwance igiya, a ɗaure ta, ba a rungume ta ba. Rigar babba a jikin yaro takan zame ta kansa da zarar ya faɗa ruwa. Kuma idan aka hango wani abu, kada kowa ya ruga gefe ɗaya lokaci guda, ƙaramin jirgi yakan karkata.

Abin da jirgi ke bayarwa wanda mota ba ta iyawa shi ne kusanci cikin natsuwa. Dabbar da ke shan ruwa ba ta ɗaukar abin da ke kan kogi a matsayin barazana kamar abin da ke tudu, sai ka ga an kashe inji ruwa na tafiya da ku a hankali, giwa na wanka a gabanku ba ta ko ɗago kai ba. Babbar giwa tana shan lita ɗari zuwa sama a yini, ba ta da zaɓi sai ta zo. Dorina kuwa nan ne gidanta. Da rana tana cikin ruwa saboda fatarta ba ta jure rana, da dare take fita kiwo, ta ci ciyawa kimanin kilo 40 ta dawo kafin gari ya waye. Tana iya nutsewa kamar minti biyar, saboda haka inda ka ƙirga kawuna shida ƙila goma sha biyu ne. Wage bakin da take yi ba hamma ba ce, nuna makami ne. Matuƙin da ya san aikinsa ba ya ratsa tsakiyar garke, ba ya kuma shiga tsakanin dorina da ruwa mai zurfi, don can take gudu in ta tsorata, kuma duk abin da ta tarar a hanya ture shi za ta yi. Idan masaukinku a bakin kogi yake, dorina na iya shigowa har harabarsa da dare. Kada kowa ya fita daga ɗaki zuwa wurin cin abinci ba tare da mai gadi da tocila ba. Duk nauyinta, a tudu tana gudun kilomita 30 a awa.

Kadoji na wannan kogi suna daga manyan da ake gani a Afirka, wasu sun doshi mita biyar. Za ku same su kwance a kan yashi baki a buɗe, zafi suke fitarwa. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye: kada wanda ya tsuguna a bakin kogin nan ko tafkin don alwala, ko wanke hannu, ko ɗiban ruwa, ko da wurin ya yi kama da babu komai. Kada yana kwanto ne a ruwan da bai kai gwiwa ba, kuma mai tsuguno a gaɓa daidai yake da abin da ya saba kamawa. Ban da shi ma akwai tsargiya a ruwan. A riƙe buta da ruwan gora a mota. A cikin jirgi kuma kada yaro ya sa hannu a ruwa. Tunda an zo kan sallah, alƙibla a Yuganda ba gabas take ba kamar a gida, arewa ce da ɗan karkata zuwa gabas. La'asar takan shiga kuna kan ruwa, amma jirgi na dawowa wajen biyar, da sauran lokaci, ga kuma sauƙin da aka yi wa matafiyi.

Masu son tsuntsaye su sa ido a gaɓar yashi mai tsayi da ake wucewa a hanya, wadda ƙananan tsuntsaye masu launi suka huda ramuka suka yi sheƙa. Gaggafar ruwa mai farin kai tana kan busassun rassa, carki yana bayan ɓauna yana cire kaska, guza na bin gaɓa yana neman ƙwan kada.

Idan aka kusa magangarar, za a fara ganin kumfa na yawo a kan ruwa, igiyar ruwa ta ƙara ƙarfi. Jirgi ba ya isa gindinta, yakan tsaya da 'yar tazara. Wanda ya zaci zai jiƙe da feshin ruwa daga cikin jirgi zai ji kamar an rage masa wani abu, amma ainihin ƙarfin ruwan daga sama ake ganinsa. Akwai turbar ƙafa da ake sauka daga jirgi a hau zuwa saman, kimanin minti 45 zuwa awa ɗaya, hawa ne mai tsauri cikin zafi, da kuɗinsa daban, kuma sai an shirya direba ya zagaya ya jira ku a can. Daga kan turbar ne ake ganin magangara ta biyu, Uhuru, wadda ambaliyar 1962 ta buɗe. Da yara ƙanana ko dattijo mai ciwon gwiwa, a bar hawan, a je saman da mota. Duwatsun wurin kullum a jiƙe suke, suna da santsi, a riƙe hannun yaro.

Kwana na biyu a gandun, in akwai shi, a sake zagayen asuba, don abin da aka rasa jiya sau da yawa yau ake samunsa. Ko kuma a ɗauki ƙaramin jirgi da sassafe a gangara yamma zuwa inda kogin ke shiga Tafkin Albert, tafiyar awa huɗu zuwa biyar a cikin fadama. Wannan ita ce tafiyar jirgi ɗaya da safiya ta fi mata, don ana neman wani babban tsuntsu ne mai ruwan toka da ƙaton baki, wanda ake kira shoebill, tsayinsa ya haura mita ɗaya, yakan tsaya cak yana jiran kifi. Mutane na tahowa daga ƙasashe masu nisa dominsa kaɗai. Ga yara dai tafiyar ta yi tsawo.

Lokacin zuwa: Disamba zuwa Fabrairu rani ne, ciyawa ta bushe ko an ƙone ta, dabbobi sun taru kusa da ruwa, hanya ta yi kyau, sai dai zafi da ƙura. Yuni da Yuli ma ruwa yakan ɗan tsagaita. Afrilu da Mayu, da kuma wajen Oktoba, ruwa ya fi yawa, ciyawa ta yi tsayi ta ɓoye zaki, laka ta kama mota, amma masaukai sukan rage kuɗi, jirgi kuma bai damu da damina ba.

Kayan da za a ɗauka ba su da yawa. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya fi komai amfani, a samu aƙalla biyu don kada yara su yi ta rigima. Wayar hannu tana ɗaukar giwa da raƙumin dawa, amma zaki a mita ɗari ɗigo zai fito. Mai kyamara ya nemi gilashi mai kai milimita 300 zuwa 400, ya sa direba ya kashe inji kafin ya danna, a jirgi kuma ya ƙara saurin ɗauka zuwa ɗaya bisa dubu na daƙiƙa saboda girgiza. Tufafi su zama ruwan ƙasa ko ruwan toka, masu dogon hannu. A bar shuɗi da baƙi a gida, su ne ke jawo tsando, shi ya sa za ku ga tarkunansa a gefen hanya da ƙyalle shuɗi da baƙi aka yi su. Wannan ya shafi hijabi da abaya ma, uwargida ta tanadi masu haske. Tsando yana bin mota mai tafiya, yana kuma cizo ta cikin yadi marar kauri, saboda haka a rufe gilashi in ana ratsa kurmin kudu. Kada a sa kaya masu zanen kakin soja, ba a yarda farar hula ya sa su ba. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto sai da izini. A ƙara da hula mai igiya, rigar sanyi mara nauyi don asuba, da ruwan sha aƙalla lita biyu zuwa uku ga kowane babba a yini.

Takardu: fasfo, biza da ake nema ta intanet tun kafin tafiya, da katin rigakafin shawara, wanda ake tambaya a Entebbe. Sauro yana da yawa a bakin Nilu. A ga likita kafin a tashi game da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, musamman don yara da mai juna biyu, a kwana cikin gidan sauro, a shafa maganin korarsa da magariba. Batun abinci, a sanar da masauki tun wajen biyan kuɗi cewa ku Musulmi ne, domin naman alade abinci ne da ake ci sosai a ƙasar. Kifin giwan ruwa da karfasa suna samuwa, ga wake, shinkafa da ayabar dafuwa. Dalolin da za a riƙe su zama sababbin bugu marasa yagewa, tsofaffi ana ƙin karɓa ko a karya musu farashi.

Wajen ciniki da kamfanin da zai ɗauke ku, ka tabbatar yana da lasisin hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar, kuma ya rubuto maka kowane kuɗi daban: na shiga gandu ga kowane mutum, na shigar mota, na jirgi, na ma'aikacin rakiya, na Ziwa, na mai, na masauki da abinci. Farashin da ya yi sauƙi fiye da kima yawanci an cire kuɗin shiga ko na jirgi ne, sai kun isa ƙofa a ce ku kawo. Kuɗin shiga ana lissafa shi ne awa 24 daga lokacin da aka shiga, ba daga safiya zuwa dare ba. Wanda ya shiga ƙarfe uku na rana, ya fita kafin uku na ranar tafiyarsa, in ya zarce an ƙara masa kwana.

Kwana biyar ɗinku za su kasu haka: ɗaya na isowa a kwana Entebbe, ɗaya na hanya da Ziwa da saman magangara, biyu cikakku a gandun, ɗaya na komawa. Kada ka yarda da tsarin kwana ɗaya tak a gandun, asuba ɗaya caca ce. Ranar komawa kuma kada ka sayi tikitin jirgin sama mai tashi kafin dare. Awa shida na hanya na iya zama takwas in aka tarar da cunkoson yamma a bakin Kampala, ko da an bi hanyar da ta kewaye birnin zuwa babban titin Entebbe. Idan lokaci ya matse sosai kuma aljihu zai ɗauka, akwai ƙananan jiragen sama da ke sauka a filin Pakuba a cikin gandun, sai dai kayan kowane fasinja ba sa wuce kilo 15, kuma a jaka mai laushi ake so, ba akwati ba.